Amfanin jama'a, haƙƙin mutum ko halin mai bincike: wanne zai ja gaba a Damagaram?

Ɗalibin da ya kai ga rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar André Salifou, da ma'aikacin lafiyar da aka ɗora wa tattara bayanai a Mirya ko Magarya, duk akwai shafin da suke cikawa a gurguje. Shi ne shafin da ake tambaya yadda za a kare mutanen da za a yi bincike a kansu. Galibi sai a kwafo layi uku daga kundin wani, a ce an nemi yardar kowa, an ɓoye sunaye, shi ke nan. Amma ranar da aka fita karkara aka tarar da matar da mijinta ya ce ta zauna ta amsa tambayoyi kan tazarar haihuwa, alhali ko ɗaga ido ba ta son yi, layukan nan uku ba su da abin da za su gaya wa mai bincike. A ci gaba ko a tashi? Amsar tana ga tushen da mutum ya tsaya a kai. Masana ɗa'a suna da manyan mahanga uku, kuma kowace tana kallon matar nan ta fuskarta. Duka ukun suna da gaskiya, sai dai idan suka yi karo dole ɗaya ta ja gaba, kuma zaɓin nan shi ne ainihin maganar.

Mahanga ta farko tana auna aiki da abin da ya haifar. Jeremy Bentham da John Stuart Mill, mutanen Ingila na ƙarni na 18 da na 19, su ne aka fi sani da ita. A ganinsu aikin ƙwarai shi ne wanda ya fi jawo alheri ya rage wahala ga mafi yawan mutane, kuma a wurin ƙidaya kowa mutum ɗaya ne, sarki da talaka. Kada a raina wannan mahanga, domin ba don ita ba da babu dalilin yin bincike tun farko. Dubi gwajin da aka yi a yankin Doso, tare da Malawi da Tanzaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2018. Sau biyu a shekara ana bai wa yara ƴan wata 1 zuwa wata 59 maganin azithromycin a wasu garuruwa, a wasu kuma ana ba da maganin wofi, wato abin da ya yi kama da magani amma babu komai a cikinsa. A Nijar mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari a garuruwan da suka sami maganin na gaske. Da ba a bar wasu garuruwa a kan maganin wofi ba, da babu wanda zai iya rantsewa cewa maganin ne ya yi aikin. Wannan mahanga ce kuma take tuna mana da waɗanda ba su cikin binciken kwata-kwata. Raba maganin kashe ƙwayoyin cuta ga dubban yara yana sa ƙwayoyin su saba da shi, kuma wanda zai ɗanɗana wannan illar wataƙila ba a haife shi ba tukuna. Ba shi da takardar da zai sa wa hannu. Lissafin amfani da illa kaɗai ne yake ƙidaya shi.

Matsalarta ita ce hannun da ke riƙe da alƙalamin lissafin. Mai bincike ne ke auna amfanin da zai zo gobe ga miliyoyi, shi ne kuma ke auna wahalar da za ta faɗa yau a kan mutum ɗari, kuma shi yana da digiri ko ƙarin girma ko kasuwa da ke jiran sakamakon. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 har 1972, ma'aikatar lafiya ta gwamnati ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata matalauta 600, 399 daga cikinsu masu tunjere, don a ga yadda cutar ke cin jiki idan ba a yi magani ba. Ba a gaya musu sunan ciwonsu ba. Penisilin ta zama maganin cutar tun shekarun 1940, amma aka bar su haka. Shekara arba'in ana kare wannan aiki da hujjar ilimin da za a samu.

Mu ba sai mun je Amurka ba. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Kano kan yara kusan 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka riga aka sani yana aiki. Yara 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi yarda da baki kuma cutar ce ta kashe yaran. Daga baya ya fito fili cewa takardar amincewar kwamitin asibiti an rubuta ta ne bayan gwajin aka mayar da kwanan watanta baya. A 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ya biyo baya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, kuma labarin Trovan yana cikin abubuwan da mutane ke kafa hujja da su. Cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Tsakaninmu da Kano tafiyar ƴan sa'o'i ce, kasuwa ɗaya, aure ɗaya, jita-jita ɗaya. Duk ma'aikacin rigakafi da aka taɓa rufe wa ƙofa a nan ya san cewa yarda idan ta karye ba ta tsayawa a kan iyaka. Ko da lissafin amfani kawai mutum zai bi, ya kamata ya sa wannan asarar a ma'auni. Sai dai a lokacin gaggawa, ba a cika ganinta ba sai ta auku.

Mahanga ta biyu daga wajibi take farawa. Immanuel Kant, Bajamushen da ya rayu daga 1724 zuwa 1804, ya ce akwai abubuwan da ba a yi wa mutum komai ribar da za a samu. Ba a mayar da ɗan Adam kayan aiki kawai. Ana iya amfana da shi, kamar yadda ake amfana da tela ko direba, amma da saninsa da yardarsa, a matsayin mai hankalin da zai iya cewa a'a. Yaudara ta haramta ko da za ta ceci dubu. Daga wannan jijiya dokokin bincike na zamani suka tsiro. Bayan shari'ar likitocin Nazi, waɗanda suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni ba da yardarsu ba a Jamus ta zamanin Hitler, ƙa'idojin Nuremberg na 1947 suka buɗe da cewa yardar mutum ta son rai wajibi ce da ba a ketarewa. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta yi ta sabuntawa har zuwa 2024, ta tsaya a kan cewa neman ilimi ba ya shiga gaban haƙƙin wanda ake bincike a kansa.

Ga matar can ta farko, amsar wannan mahanga a fili take: idan ba ta so, an gama. Ƙarfinta ke nan, ba a ciniki da ita. Amma a nan ne aikin yake da wuya a ƙasarmu, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan daɗe. Mu mutane ne da "to" ke da arha a bakinmu. Baƙo ya zo da mota, maigari ya rako shi, ya yi sallama cikin ladabi, wa zai ce masa a'a? Kunya ce ke amsawa. Ga takardar yarda an rubuta ta da Faransanci, ana fassara ta a tsaye cikin minti biyu ga wadda Hausa ko Barbarci ko Fulatanci take ji, sannan a dangwala yatsa. Ga farar riga: duk wanda ya sa ta likita ne, duk abin da ya miƙo magani ne, kuma uwar da ɗanta ke fama da tamowa ba za ta bambance jinya da gwaji ba sai an zauna an bambance mata. A ranta tana tsoron idan ta ƙi, gobe ba za a duba mata yaro ba. Ga kuma kuɗi. Jika biyu ladan ɓata lokaci ba komai ba ne ga ma'aikacin gwamnati, amma a watan da rumbu ya ƙare, kafin sabon hatsi, jika biyu tana iya sa mutum ya miƙa hannu a ɗebi jininsa ba tare da ya saurari bayani ba. A duk waɗannan an cika takarda, amma abin da Kant ke nufi bai samu ba. Wanda ya zaɓi wannan mahanga da gaske, dole ya nemi mutumin ya maimaita masa da bakinsa abin da ya fahimta, ya kawo shaida wanda ba ɗan tawagar bincike ba idan mutumin bai iya karatu ba, ya faɗa a fili cewa ƙin shiga ba zai hana magani ba, kuma ya tabbata hakan gaskiya ne.

Mahangar wajibi ita ma tana da inda take gajiya. Ba ta da bayani mai gamsarwa idan wajibi biyu suka yi karo. Saurayi daga cikin matasan da ake ta yin bincike a kansu a unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya ba ka sirri bayan ka yi masa alkawarin rufewa, sai ka ji a cikin maganarsa akwai wanda za a cutar. Amana wajibi ce, kare rai ma wajibi ne. Sannan mutum ɗaya-ɗaya take gani. Kowane saurayi yana iya yarda da ransa, a ɓoye sunansa, amma rahoton ya fito ya ƙara manna wa unguwa gaba ɗaya tambarin da take fama da shi tun zamanin da aka ware ta ga kutare. Haka matan Kance da ke zuwa Aljeriya: hira da mace ɗaya ba ta cutar da ita, amma rubutun da aka yi ba da kula ba yana iya zama abin gori ga garinsu. Babu wanda ya sa hannu a madadin unguwar.

Inda mahangar farko da ta biyu suka fi gwabzawa shi ne rigimar 1997. A 1994 an gano a Amurka da Faransa cewa maganin AZT yana rage yaɗuwar sida daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku, amma tsarin yana da tsawo, kuma kuɗinsa ya kai wajen dala 800 ga mace ɗaya. Sai aka shirya gwajin gajeren tsari mai araha a Tailan, Kodibuwa, Yuganda da wasu ƙasashe, aka bai wa wasu mata maganin wofi don kwatantawa. Masu suka suka ce an san maganin da ke aiki, don haka barin jarirai su kamu zalunci ne da ba za a yarda da shi a Amurka ba. Masu karewa suka ce matan nan da ma ba za su taɓa samun dogon tsarin ba, kuma tambayar da ƙasashensu ke buƙatar amsarta ita ce ko gajeren ya fi babu. A 1998 sakamakon Tailan ya nuna gajeren tsarin ya rage yaɗuwar da kusan rabi, kuma rayuka da yawa sun tsira ta dalilinsa. Ban ɗauki masu karewa a matsayin miyagu ba, hujjarsu tana da nauyi. Amma akwai jimla ɗaya a cikinta da ya kamata duk ɗan Damagaram ya ji tsoronta: "da ma ba za su samu ba." Kusan duk abin da ake hana mu, da ma ba mu da shi. Idan talaucinmu ya zama hujjar rage mana kariya, to kullum mu ne wuri mafi sauƙin gwaji.

Mahanga ta uku ba ta fara da aiki ba, da mai aikin take farawa. Aristotal na Girka ya ce tambayar ita ce wane irin mutum ne kai, domin hali da sabo ake gina shi, kuma mai hali nagari yana gane abin da ya dace a wurin da doka ba ta yi magana ba. Bahaushe ba baƙo ne a nan ba. Mun san mutumin kirki da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da kiyaye mutuncin wani. Kuma a fagen aiki wannan ce ke riƙe da komai. Kwamitin ɗa'a na ƙasa yana Yamai, malamin da ke duba kundi yana ofis, amma mai tambayoyi shi kaɗai ne a wani ƙauyen Tanut da rana tsaka. Babu mai ganinsa idan ya zauna gindin bishiya ya cike takardu goma da kansa. Babu mai sani idan ya kunna wa abokai muryar wata mata da ya naɗa a waya, ko ya sa hoton yaro mai tamowa a WhatsApp. Hali ne zai sa ya lura da matar da ke cewa "to" tana murɗa bakin zane, ya ce: "Inna, ba dole ba ne, in kin fi so mu bari sai mu bari, ba wanda zai ji." Babu takardar da ke koyar da wannan.

Duk da haka ba zan ba da shawarar a gina tsarin bincike a kanta ita kaɗai ba. Ba a iya duba hali daga nesa, kuma kowa yana ganin kansa mutumin kirki. Mai kyakkyawar niyya shi ne ya fi saurin cewa "na san abin da ya fi musu," ya yanke wa mutane hukunci ba tare da ya tambaye su ba. A Tuskegee ma akwai ma'aikaciyar jinya, ita ma baƙar fata, wadda mutanen suka amince da ita shekara da shekaru, kuma wannan amincewar na cikin abin da ya riƙe su a cikin binciken. Fara'a da iya hulɗa, in babu iyakar da ba a ketarewa, suna iya zama hanyar shigar da mutane inda bai kamata ba.

Ƙa'idojin da kwamitoci ke aiki da su ƙoƙari ne na haɗa waɗannan. Rahoton Belmont na Amurka na 1979 ya kawo uku: girmama mutum, kyautatawa da adalci. A shekarar kuma masana ɗa'a Beauchamp da Childress suka fitar da huɗu, da suka ware rashin cutarwa daban. Suna da amfani wurin rubuta takardar neman izini, kuma adalcin da ke cikinsu yana tilasta tambaya mai kyau: su wa suka ɗauki wahala, su wa za su ci moriya? Amma ba su jera kansu ba, ba su ce wacce ke gaba idan an yi karo ba. Zaɓin yana nan yana jiran mai bincike.

Akwai abu biyu na gida da ke taimakawa wurin zaɓin. Na farko fiƙihu ne. Malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun yi bayanin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta san maslaha, tana ba ta muhimmanci, amma ba ta barinta ta ture nassi. Ga hadisin da ya hana cuta da cutarwa, ga ƙa'idar da ta ce kawar da ɓarna yana gaba da janyo amfani. Tsarin a nan shi ne ana lissafin amfani, amma a cikin iyaka. Mai binciken da ya iya bayyana aikinsa da wannan harshe zai fi fahimtar juna da liman da iyayen gari fiye da wanda ya zo da sunayen Turawa. Na biyu shi ne zaman jama'a. Ba a shiga gari sai da izinin maigari, ba a shiga gida sai da sanin maigida, kuma wanda ya tsallake wannan ya jawo wa matar da ya yi hira da ita fitinar da shi ba zai zauna ya gani ba. Amma izinin shugabanni kamar sallama ce a zaure: an amsa maka, ka shiga gida, ba a ce ka ɗaga labulen ɗakin kowa ba. Jagororin ƙasa da ƙasa na binciken lafiya ma sun faɗa a sarari cewa izinin shugaban al'umma ba ya maye gurbin yardar mutum. Miji yana iya hana ka shiga, kuma ka haƙura. Abin da ba zai iya ba shi ne ya yarda a madadinta. Idan ta ƙi a keɓe, ka fito ka yi godiya, kada ka kai masa rahoto.

To wacce za a sa a gaba? A ganina, a wurin da talauci da kunya da girmama na gaba suka sa ƙin abu yake da wuya, mahangar wajibi ce ya kamata ta kafa iyaka: babu yaudara, babu tilas ko na ɓoye, babu hana wa mutum maganin da aka san yana aiki kuma ana iya ba shi, babu fitar da sirri sai don ceton rai, kuma wannan sharaɗin a faɗe shi tun kafin a fara hira. A cikin wannan iyaka sai lissafin amfani ya yi aikinsa. Shi zai ce ko binciken ya cancanci a yi shi, mutum nawa ake buƙata, jini nawa za a ɗiba, wace illa rahoton zai iya yi wa unguwa ko gari. Bincike marar inganci, wanda ba zai amsa komai ba, ɓata lokacin manomi ne a tsakiyar damina ko da kowa ya yarda. Hali kuma shi ake dubawa wurin ɗaukar masu tambayoyi da horar da su, kuma ni da zan zaɓa, zan fifita mai amana a kan mai saurin cika takarda.

Nauyin yana ɗan sauyawa da irin binciken. Gwajin magani ko rigakafi, da duk abin da ya shafi yara ko ɗibar jini, iyakar wajibi ba ta motsi, kuma sai da amincewar kwamitin ƙasa. Hira da tambayoyin zamantakewa, inda haɗarin ya fi zama na sirri da suna, hali da lissafin illa ga jama'a su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin yau da kullum. Annoba ita ce jarrabawa mafi tsanani, domin a nan ne ake cewa babu lokaci. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da ake zaton sanƙarau a yankin Damagaram, 18 suka rasu, don haka maganar ba ta tarihi ba ce. A 2017 an yi gwaji a Madarunfa ta Maraɗi kan bai wa gari gaba ɗaya maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin idan sanƙarau ya ɓulla, kuma an ga kamuwa ta ragu sosai. An tsara wannan binciken tun kafin annobar ta iso, aka ajiye shi yana jira. Wannan ita ce hanyar da ke hana gaggawa zama hujja: a rubuta, a fassara zuwa harsunan mutane, a kai wa kwamiti, a zauna da sarakuna da malamai tun kafin hunturu ya kawo iskar da cutar ke biyowa.

Ga ɗalibi kuma, idan ka duba ka ga tambayarka ba za ta amsu ba sai ka ɓoye wa mutane manufarka, ko sai maigari ya tilasta su, ka koma wurin malaminka a sauya tsarin ko a sauya batun tun kafin ka fita. Ka kuma sa kuɗin mota na komawa garin a cikin kasafinka tun farko, domin a tara mutanen da suka ba ka lokacinsu a gaya musu da harshensu abin da aka gano.